SAƘON JIN ƊURIYA: YADDA NA'URORI KE TABBATAR DA CEWA LAYIN SADARWA YANA RAYE

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa doguwar magana ta wayar tarho ya san cewa ba mai magana kaɗai ke aiki ba. Mai sauraro ma yana da nasa aikin, domin jefi-jefi yakan ce "na'am", ko "to", ko "haka ne". In ya yi shiru na ɗan lokaci, sai mai maganar ya dakata ya tambaya, "Kana ji na kuwa?" Wannan 'yar tambaya ba ta ƙara kome a kan zancen da ake yi, amma da ita ake bambanta shirun mai sauraro da shirun layin da ya katse.

Na'urori masu ƙwaƙwalwa, watau kwamfutoci da wayoyin hannu da injinan cirar kuɗi, su ma suna da irin wannan tambaya da suke yi wa juna. Masana sun ba ta suna da Turanci mai ma'anar "riƙe layi a raye". A wannan maƙala za a kira ta saƙon jin ɗuriya, daga maganar nan ta Hausawa cewa an daɗe ba a ji ɗuriyar wane ba. Saƙon ƙarami ne ƙwarai, wani lokaci ma babu ko harafi ɗaya a cikinsa. Duk da haka, kuskure wajen aika shi ko amsa shi yakan tsayar da ciniki, ya cinye batirin waya, kuma a shekarar 2014 ya buɗe ƙofar satar asirin jama'a a faɗin duniya. Za a bayyana dalilin da ya sa ake buƙatarsa, da yadda yake aiki, da ƙa'idojin da ya kamata mai rubuta manhaja ya kiyaye.

Mene Ne Haɗi Tsakanin Na'urori Biyu?

A tsohon tsarin tarho, idan mutum a Argungu ya kira wani a Birnin Kebbi, ofishin waya yakan keɓe musu hanya guda tun daga farkon magana har ƙarshenta. Intanet ba haka take aiki ba. Akan yayyanka saƙo zuwa ƙananan ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshi, a sake shi ya bi hanya tare da ƙunshin sauran jama'a, kamar yadda motar haya ɗaya ke ɗaukar kayan mutane da yawa.

Dokar da ke tabbatar da cewa ƙunshin nan sun isa cikakku kuma a jere ita ce ƙa'idar TCP. Vinton Cerf da Robert Kahn ne suka wallafa tushenta a Amurka a 1974. Jon Postel ya tsara cikakken bayaninta a watan Satumba na 1981, cikin takarda mai lamba 793 daga jerin takardun ƙa'idojin intanet da ake kira RFC. An sabunta bayanin a 2022 cikin takarda mai lamba 9293.

A ƙarƙashin wannan ƙa'ida, abin da ake kira haɗi ba waya ba ne da za a iya taɓawa. Rubutu ne kawai a ma'ajiyar na'urori biyu. Kowace ta rubuta adireshin abokiyar hulɗarta, da adadin abin da ta aika, da adadin abin da ta karɓa. Ya yi kama da 'yan kasuwa biyu masu hulɗar shinkafa, ɗaya a Argungu ɗaya a Birnin Kebbi, kowa da littafinsa na lissafi. Ko da wata uku za su yi ba mota ta tashi a tsakaninsu, hulɗar tana nan muddin shafin yana cikin littattafan biyu.

Daga nan abu biyu suka fito. Na farko alheri ne: idan babu saƙon da ake aikawa, ana iya zare waya a mayar, ko hanya ta lalace a gyara, haɗin yana nan bai san an yi ba. Na biyu kuwa matsala ce: idan ɗaya daga cikin na'urorin ta mutu farat ɗaya ba tare da ta yi ban kwana ba, ɗayar ba ta da hanyar sani. Za ta ci gaba da riƙe shafin a buɗe, tana jiran wadda ba za ta dawo ba. Wannan shi ake kira haɗi mai ɓari ɗaya.

Abubuwan Da Ke Yanke Layi Ba Sallama

Idan manhaja ta gama aikinta lafiya, takan aika saƙon rufewa, ɗayan ɓangaren ya amsa, kowa ya share shafinsa. Amma akwai abubuwan da ba sa ba na'ura damar yin haka.

Na farko shi ne ɗaukewar wutar lantarki. Wutar da Birnin Kebbi ke sha tana zuwa ne daga madatsar ruwa ta Kainji ta babban layi mai ƙarfin kilobolt 330. A watan Satumba na 2023 gobara ta tashi a tashar rarraba wuta ta Birnin Kebbi, ta lalata manyan taransifoma, har aka shiga duhu a sassan jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara. A irin wannan yanayi, duk na'urar da ba ta da batir ko janareta takan mutu ne a tsakiyar magana.

Na biyu shi ne yankewar hanya a wuri mai nisa. Ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka sami matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, aka sami tangarɗa a harkar bankuna da sadarwa a Nijeriya da maƙwabtanta. A nan na'urorin biyu duk suna raye, hanyar da ke tsakaninsu ce ta yanke.

Na uku shi ne halin wayar hannu kanta. Tun da aka fara amfani da wayar salula ta GSM a Nijeriya a watan Agusta na 2001, yawancin jama'a ta iska suke shiga intanet. Matafiyi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu yakan wuce daga turken sadarwa zuwa wani, wani wurin sabis ya yi ƙarfi, wani wurin ya ɓace. Ga uwar garke, watau babbar kwamfutar da ke amsa buƙatun ƙananan na'urori, duk waɗannan abubuwa uku kamanninsu ɗaya ne: shiru.

Shirun nan yana da tsada. Kowane haɗi da ke buɗe yana cin wani yanki na ma'ajiyar uwar garke, kuma akwai iyakar adadin da za ta iya riƙewa. In matattun haɗi suka taru, sai a wayi gari masu rai ba su da wurin shiga.

Yadda Saƙon Jin Ɗuriya Ke Aiki

Wani abin sha'awa shi ne, a cikin ƙa'idar TCP babu wani saƙo na musamman mai cewa "kina nan?". Dabara aka yi, aka yi amfani da wata doka da ke akwai tun farko.

TCP tana ba kowane bayit lamba a jere. Bayit shi ne ma'aunin da ke ɗaukar kimanin harafi ɗaya. Mai karɓa kuma yakan mayar da shaidar karɓa, inda yake faɗin lambar da yake jira nan gaba. Akwai kuma doka cewa idan ƙunshi ya zo ɗauke da lambar da ta riga ta wuce, mai karɓa ya yar da shi, amma ya sake aiko da shaidar karɓa don tunatar da mai aikawa inda aka tsaya.

A ɗauka akwai injin cirar kuɗi a Argungu da ke haɗe da uwar garken banki a wani gari. Uwar garken ta aika masa bayit har zuwa mai lamba 5,000, injin ya amsa cewa yana jiran na 5,001, daga nan layi ya yi shiru. Bayan lokaci mai tsawo, sai uwar garken ta aika ƙunshi mai lamba 5,000 da gangan, watau ta koma baya da taki ɗaya. Injin zai duba littafinsa ya ga ya riga ya karɓi wannan lamba, sai ya yar da ƙunshin, ya amsa cewa 5,001 yake jira. Uwar garken ba ta damu da abin da amsar ta ƙunsa ba. Zuwan amsar kaɗai ya ishe ta shaida cewa injin yana raye kuma hanya a buɗe take.

Bayan an aika saƙon, ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ne zai faru:

1. Abokin hulɗa yana raye, hanya tana da kyau. Amsa za ta zo, a mayar da agogon jira farko.
2. Abokin hulɗa ya mutu bai tashi ba. Ba za a ji kome ba.
3. Abokin hulɗa ya mutu ya sake tashi. Tun da ma'ajiyarsa ta goge, bai san da wannan haɗi ba, sai ya aiko da saƙon warwarewa. Nan take za a rufe haɗin.
4. Abokin hulɗa yana raye amma hanya ta yanke. Galibi a nan ma ba za a ji kome ba.

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa na 2 da na 4 ba su da bambanci a wurin mai tambaya. Saƙon jin ɗuriya ba ya iya tabbatar da mutuwa. Iyakarsa ya tabbatar da rayuwa in amsa ta zo. Duk hukuncin da za a yanke a kan shiru zato ne, don haka dole a yi shi da hankali.

Awa Biyu Da Dalilinta

Masanan da suka gina intanet ba su haɗu a kan amfanin wannan saƙo ba. Takarda mai lamba 1122, wadda Robert Braden ya tace aka fitar a watan Oktoba na 1989, ta kawo dalilai uku na masu ƙin sa: yana iya kashe haɗi mai lafiya saboda 'yar tangarɗar hanya mai wucewa, yana cika hanya da zirga-zirga marar amfani, kuma yana jawo asarar kuɗi inda ake biya bisa yawan ƙunshi. Saboda haka aka yarda da shi bisa sharuɗɗa. Dole ya kasance a kashe har sai manhaja ta nemi a kunna shi. Dole a iya sauya tsawon lokacin jira. Lokacin da za a sa tun asali kuma kada ya gaza awa biyu. Sannan kada a ɗauki rashin amsar saƙo guda a matsayin mutuwar haɗi.

Sharaɗin ƙarshen nan yana da dalili mai ƙarfi. Idan ƙunshi mai ɗauke da bayani ya ɓata a hanya, TCP takan sake aika shi. Amma shaidar karɓa wadda ba ta ɗauke da kome, in ta ɓata ta ɓata ke nan, ba mai sake aiko ta. Don haka tambaya ɗaya da ba a amsa ba tana iya zama amsarta ce ta salwanta. Al'adar Hausawa ma ta san wannan, domin baƙo ba ya juyawa daga ƙofar gida don sallama ɗaya da ba a amsa ba, sai ya yi sau uku, yana ba da tazara a tsakani.

A babbar manhajar Linux, wadda mafi yawan uwayen garken intanet ke amfani da ita, lambobi uku ne ke tafiyar da al'amarin. Ana jira sakan 7,200 na shiru kafin saƙon farko. In ba a amsa ba, ana sake aikawa bayan kowane sakan 75. In an yi sau 9 babu amsa, sai a rufe. Lissafin shi ne 9 sau 75, watau 675, a tara da 7,200, ya ba da sakan 7,875. Wannan awa 2 ne da minti 11 da sakan 15. Manhaja takan kunna tsarin ta hanyar wani zaɓi mai suna SO_KEEPALIVE, kuma tana iya rage waɗannan lambobi ga kowane haɗi.

Tun da wuri aka ga masu rubuta manhaja suna kuskure a nan. Wasu tsofaffin manhajoji ba sa amsa ƙunshin da babu kome a cikinsa, har takardar 1989 ta ba da izinin a saka bayit guda na banza a cikin saƙon domin su. Takarda mai lamba 2525 ta 1999, wadda ta tattara sanannun kurakuran TCP, ta ambaci biyu da suka shafi wannan batu: saurin yanke hukunci cewa haɗi ya mutu, da rashin isasshiyar tazara tsakanin saƙo da saƙo.

Akwai kuma wani tarko da ke kama har ƙwararru. Saƙon jin ɗuriya na TCP yana aiki ne kawai idan layi ya yi shiru sarai. In akwai bayanin da aka aika ba a sami shaidarsa ba, wani agogo dabam ne ke aiki, watau na sake aikawa, wanda a Linux yakan kai kimanin minti 15 kafin ya haƙura. Mai manhajar da ya saita jin ɗuriya a minti ɗaya yana iya mamakin ganin na'urarsa ta sandare kwata na awa.

Mai Tsaron Ƙofa Mai Mantuwa

A yau saƙon jin ɗuriya yana da aiki na biyu da ya fi na farko yawa. Tsohon tsarin adireshin intanet yana da gurabe 4,294,967,296 kacal, kuma babban rumbun rabonsu na duniya ya ƙare a watan Fabrairu na 2011. Don haka kamfanonin sadarwa sukan sa dubban wayoyi su fita duniya da adireshi ɗaya, ta hanyar wata na'ura mai sauya adireshi da ake kira NAT. Aikinta kamar na mai tsaron ƙofar babban gida ne. Duk wanda ya aika saƙo waje, sai ta rubuta sunansa, domin in amsa ta dawo ta san ɗakin da za ta kai.

Littafin mai tsaron ƙofar nan yana da iyaka, don haka yakan goge sunan duk wanda ya daɗe bai yi motsi ba, kuma ba ya sanar da kowa. Takarda mai lamba 5382 ta 2008 ta ce kada a goge haɗin TCP kafin awa 2 da minti 4, don a ba saƙon nan na awa biyu damar wucewa. Amma a aikace na'urori da yawa, musamman a layukan wayar hannu, sukan goge tun kafin wannan lokaci. Sakamakon haka, waya tana zaton haɗi yana nan, uwar garke ma haka, alhali hanya ta toshe a tsakiya. Saƙon da aka turo wa mai wayar ba zai shigo ba sai wayar ta sake buɗe sabon haɗi.

Maganin shi ne a riƙa aika ɗan saƙo kafin lokacin gogewa ya cika. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Sai dai yawan ziyara ma yana da kuɗinsa. Mafi ƙanƙantar ƙunshin TCP bayit 40 ne, amsarsa ma 40, jimla 80. In ana aikawa kowane sakan 30, a yini za a yi sau 2,880, watau bayit 230,400, a wata kuma kusan megabayit 7, ba tare da an isar da kalma ɗaya mai amfani ba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne batir, domin kowane saƙo yakan tashi sashen rediyon wayar, ya kuma ɗauki wasu sakanni kafin ya koma barci. A wurin da ake biyan kuɗi kafin a yi cajin waya, wannan asara ce ta zahiri. Shi ya sa wayoyin Android da iPhone suke tattara sanarwar manhajoji masu yawa ta haɗi ɗaya, maimakon kowace ta riƙe nata.

Amsar Mai Gadi Da Amsar Maigida

Wanda ke amsa saƙon jin ɗuriya na TCP shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ba manhajar da ke yin ainihin aikin ba. Manhajar banki tana iya sandarewa ɗungurungum, amma kwamfutar ta ci gaba da amsa cewa lafiya lau. Kamar a yi sallama ne mai gadi ya amsa, alhali maigidan da aka zo gani yana kwance ba ya iya magana.

Saboda haka manhajoji masu muhimmanci sukan yi nasu saƙon na kansu. A tsarin ISO 8583 da bankuna da cibiyoyin katin kuɗi ke amfani da shi, akwai saƙon gwajin layi mai lamba 0800, wanda ake amsawa da 0810. A tsarin WebSocket na 2011, dole amsa ta dawo da ainihin abin da aka saka a cikin tambaya. Akwai kuma tsarin MQTT, wanda Andy Stanford-Clark da Arlen Nipper suka ƙirƙiro a 1999 don lura da bututun mai ta tauraron ɗan'adam. A cikinsa ƙaramar na'ura ce ke faɗin tazarar da za ta riƙa magana, in kuma ta yi shiru har ninki ɗaya da rabi na wannan tazara, sai uwar garke ta ɗauka ta yanke.

Amfanin wannan a fili yake ga mazauna kwarin Rima, inda ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. A ɗauka an kafa na'urar auna tashin ruwa a gaɓar gulbi sama da Argungu, aka umarce ta ta yi magana kawai in ruwa ya haura wani mizani. Idan ta yi mako biyu shiru a tsakiyar damina, ma'aikacin da ke ofis a Birnin Kebbi ba zai san ko ruwa ne bai tashi ba, ko batirinta ne ya mutu, ko ma ruwan ne ya tafi da ita. Amma in an tsara ta ta riƙa ba da ɗuriyarta kowane minti 10, to shirun minti 15 kansa ya zama gargaɗi.

Darasin Heartbleed

Babban misalin haɗarin amsa saƙon jin ɗuriya ba tare da bincike ba ya bayyana ranar 7 ga Afrilu, 2014. A 2012 an ƙara wa tsarin ɓoye sirrin saƙonni na TLS wani saƙo mai suna "bugun zuciya". Mai tambaya yakan aika 'yan haruffa tare da faɗin adadinsu, mai amsa ya mayar masa da su. Ƙa'idar ta faɗa ƙarara cewa in adadin da aka faɗa ya wuce kima, a yar da saƙon. Amma a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafukan intanet ke dogaro da ita, an manta da wannan bincike.

Misalin abin shi ne mutum ya kai ajiyar mudu ɗaya na shinkafa sito, ya rubuta a takarda cewa mudu ɗari ne. Da ya dawo karɓa, mai sito bai auna abin da aka kawo ba, takardar kawai ya duba, sai ya cika masa mudu ɗari daga buhunan da ke kusa, waɗanda na mutane ne. Haka ɓarawo zai aika bayit ɗaya ya ce 65,535 ne, uwar garke ta kwaso masa abin da ke maƙwabtaka a ma'ajiyarta, wanda zai iya haɗawa da kalmomin sirrin jama'a. Yana kuma iya maimaitawa sau nawa ya ga dama.

Kuskuren ya shekara biyu a cikin manhajar kafin Neel Mehta na kamfanin Google da masu bincike na kamfanin Codenomicon na ƙasar Finlan su gano shi. Aka sa masa suna Heartbleed, watau zubar jinin zuciya. An ƙiyasta cewa ya shafi uwayen garke kimanin rabin miliyan, kuma hukumar haraji ta Kanada ta sanar da cewa an sace lambobin shaida na mutum kusan 900 ta wannan kafa. Gyaran kuwa 'yan layuka ne: a auna abin da ya zo kafin a amsa.

Ƙa'idoji Ga Mai Rubuta Manhaja

Ga mai amsawa:

1. Ya amsa saƙon ko da babu kome a cikinsa, ko yana ɗauke da bayit guda na banza.
2. Kada ya miƙa wannan bayit ga manhaja a matsayin bayani, kada kuma ya rufe haɗi don ganin tsohuwar lamba.
3. Ya gwada tsawon da aka faɗa da tsawon da ya zo a zahiri, in sun saɓa ya yar da saƙon.
4. Ya sa iyaka ga yawan tambayar da zai karɓa daga wuri ɗaya.

Ga mai tambaya:

1. Ya tambaya kawai in layi ya yi shiru. Duk wani saƙo da ya zo daga ɗayan ɓangaren shaida ce ta rayuwa.
2. Ya zaɓi tazarar da ta gaza lokacin gogewar mai sauya adireshi, amma ba ta yi gajartar da za ta cinye batir ba.
3. Ya yi la'akari da nisan hanya. Tauraron sadarwa da ke tsaye a sama yana nisan kilomita 35,786, don haka tambaya da amsarta ta wannan hanya ba za su gaza kusan rabin sakan ba.
4. Ya maimaita tambaya sau da yawa kafin ya yanke hukunci, in kuma ya yanke, ya rufe haɗin ya sanar da mai amfani da na'ura.
5. Bayan sake haɗawa, kada ya maimaita umarnin biyan kuɗi a makance. Kowace hulɗa ta kasance da lambarta, domin a duba ko ta riga ta wuce, kada a cire kuɗin mutum sau biyu.
6. Kada ya sake haɗawa a guje. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, da zarar an ba da alama dubban masunta kan auka cikin Matan Fada lokaci guda. Wannan abin kallo ne a bakin gulbi, amma in wuta ta dawo dubban na'urori suka auka wa uwar garke haka, sai ta sake durƙushewa. Kowace na'ura ta ɗan jira lokaci dabam da na 'yar'uwarta, in ta kasa shiga ta ninka jiran.

Kammalawa

An ga cewa haɗin intanet rubutu ne a ma'ajiyar na'urori biyu, don haka ɗaya tana iya mutuwa ɗayar ba ta sani ba. Saƙon jin ɗuriya yana gano irin wannan haɗi, yana kuma hana mai sauya adireshi mantawa da shi. Wanda ya cika gaggawa zai kashe haɗi mai rai, wanda ya cika jinkiri zai riƙe matacce, wanda ya amsa ba bincike kuma zai ba da abin da ba nasa ba. Ɗaliban da ke shirin karanta ilmin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ko Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, za su rubuta manhajojin da za su yi aiki inda wuta da sabis ke zuwa suna ɗaukewa. Manhajar da ta jure wannan yanayi za ta yi aiki a ko'ina.

Tambayoyi Da Aikin Aji

1. An saita wata uwar garke ta jira sakan 600, ta maimaita kowane sakan 30, har sau 5. Minti nawa za ta ɗauka kafin ta rufe mataccen haɗi?
2. Wata na'ura ta aika bayit har zuwa mai lamba 12,480, an kuma ba ta shaidar karɓarsu duka. Wace lamba za ta sa a saƙon jin ɗuriya, kuma wace lamba za ta gani a cikin amsa?
3. Me ya sa ba za a iya bambanta mutuwar na'ura da yankewar hanya ta wannan saƙo ba?
4. Wayoyi 1,000,000 suna aika saƙo kowane sakan 40. Saƙo nawa uwar garke ke karɓa a sakan ɗaya?
5. Malami ya tsayar da ɗalibai biyu a kusurwoyin aji, da na uku a tsakiya mai kai takarda, wanda aka ba izinin ya riƙa ɓoye wasu takardun. Sauran 'yan aji su tsara dokar tambaya da jira, su ga sau nawa za a yi kuskuren cewa abokin hulɗa ya tafi alhali yana nan.